Filin Tambaya Da Amsa: Tsakanin Aro, Wankiya Da Sata A Adabi

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru a wayata wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka dosa, wato maganar juya labari daga wani harshe zuwa Hausa ko daga littafi zuwa fim, da kuma yadda ake feɗe shi idan an zo nazari, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Waɗanda suka turo tambaya a kan karin waƙa ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a sashen Hausa aji uku, rannan a aji lakcara ya ce mana yawancin labaran Magana Jari Ce ba Abubakar Imam ne ya ƙirƙire su ba, wai daga littattafan Larabawa da Turawa da Indiyawa ya kwaso, wallahi tun ranar jikina ya yi sanyi don da littafin nan na tashi. To Malam meye bambancinsa da 'yan fim ɗin da muke zagi kullum muna cewa suna wankiyar fim ɗin Indiya? Daga wata ɗaliba a Gusau.

AMSA: Ɗiyata, lakcaranku gaskiya ya faɗa muku, kuma ba wani asiri ba ne da aka tona yau, masana sun daɗe suna bin sawun labaran nan, Farfesa Ibrahim Malumfashi ma littafi guda ya yi a kan adabin Abubakar Imam yana bin diddigin inda aka samo su. Amma kafin jikinki ya ƙarasa yin sanyi bari mu koma yadda abin ya faro. A 1933 hukumar fassara da ke Zariya ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, a nan aka samu Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida ya haɗa hannu da shi East ɗin suka rubuta. Lokacin Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, an haife shi a 1911, kin ga ke nan saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai. East ya ga yaron nan akwai baki, sai aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936 aka jibge masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban aka ce ya yi wa yaran makaranta littafin karatu, daga nan Magana Jari Ce ya fito, littafi uku, na farko a 1937. Wato aron ma shi ne aikin da aka ba shi, ba a ɓoye ya yi ba. Ko game da Ruwan Bagaja shi da bakinsa ya faɗa cewa ya ɗebo daga Muƙamatul Hariri, littafin nan da malamanmu na zaure suke karantarwa tun kafin zuwan Bature, kuma duk wanda ya san yadda Abu Zaid, tauraron Muƙamar, yake ɓullowa a gari bayan gari da sabuwar dabara zai gane inda Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja ya samo ƙafa.

To abin tambaya ba wai ya ɗauko ko bai ɗauko ba, me hannunsa ya yi da abin bayan ya ɗauko? Nan ne aikin mai nazari yake, kuma nan ne nake so ki tsaya ki duba da idonki.

Ɗauki akun nan na Magana Jari Ce da kansa. Labarin aku mai ba da labari don ya hana wani fita tsohon abu ne a Indiya, akwai littafin Sanskirit, tsohon harshensu, na labaran aku saba'in, daga baya Farisawa suka juya shi suka kira shi Tutinama. A can matar wani ɗan kasuwa ce mijinta ya yi tafiya, kullum dare ta yi shiri za ta fita wajen wani namiji, sai aku ya tsare ta da labari har gari ya waye. Yanzu ki dubi abin da Imam ya yi da wannan ƙashin. Ya cire matar aure da kwartonta gaba ɗaya, ya sa ɗan sarki Musa a wurin, uban ya tafi yaƙi, waziri yana ƙulla makirci a gida, yaro jininsa na tafasa yana so ya fita, aku yana riƙe shi da labari. Dabarar tana nan yadda take amma abin da ake tsoro ya canza, a can tsoron ɓacin aure ne, a nan tsoron faɗuwar sarauta ne, kuma da wannan canjin ƙwaya ɗaya littafin ya buɗe ƙofar fada, ga dogarai ga bayi ga fadawa ga kirari ga gaisuwar sarki, abin da yaron Katsina ko Zazzau yake gani da idonsa ranar sallah. Wanda bai san fada ba ba zai iya wannan ba ko da an ba shi littattafan duniya.

Ko labarin Kalala da Kalalatu. A tatsuniyoyin Jamusawa da 'yan'uwan nan biyu Grimm suka tattara akwai wata kuku mai suna Gretel, maigidanta ya sa ta gasa kaji biyu don baƙo, tana jira tana kurɓar giya tana ɗanɗana kaza har ta cinye duka biyun, da baƙo ya iso ta tare shi a ƙofa ta ce ka ji maigida yana wasa wuƙa kunnuwanka zai yanke, baƙo ya zura da gudu, ta koma ta ce wa maigida baƙonka ya sure kajin, maigida ya bi shi da wuƙa a hannu yana ihu a bar masa ko ɗaya. Imam ya mayar da kuku da ubangida suka zama mata da miji, kuma ki lura da abin da wannan ya haifar, labarin barantaka ya koma labarin zaman aure, irin wanda za a ba da shi a tsakar gida mata su yi ta dariya don kowa ta san wata Kalalatu a unguwarsu. Ina tuna yayana yana karanta mana shi da fitilar ƙwai a zaure, mu biyar a kan tabarma ɗaya, kakarmu tana daga ciki tana jiyowa, da aka zo wajen gudun baƙon sai da ta ce a maimaita mata. Tsohuwar nan har ta koma ga Allah ba ta taɓa jin sunan Jamus a cikin labarin ba, kuma babu inda za ta ji shi, don babu shi a cikin Hausar.

Malaman Larabci sun riga mu tattauna wannan da daɗewa, suna da babi guda a kan satar mawaƙa, kuma Aljahiz na Basara yana da magana sananniya wadda ma'anarta ita ce ma'anoni a zube suke a kan hanya kowa yana iya tsinta, gwaninta tana wajen ƙira da zaɓen lafazi. Mu ma a gida haka muka gada. Tabban Haƙiƙa Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu, hannu uku a waƙa ɗaya kuma ba wanda ya taɓa kiran wani ɓarawo, domin kowa an san abin da ya sa. Ishiriniyar da ake rerawa a makarantun dare ma haka take, ta Alfazazi ce da tahamisin Ibn Muhib. Turawan ma da ake kafa mana hujja da su, Shakespeare bai ƙirƙiri labarin Romeo da Juliet ba, akwai waƙar Arthur Brooke ta 1562 da ya ɗora a kai.

To ina wankiya ta bambanta? Ni a wajena wuri biyu. Na farko mai wankiya ba ya narka abin, yana ɗauko shi da ƙullinsa ne ya canza suna kawai, sai ki ga uba ya tsaya a tsakiyar falo yana korar 'yarsa daga dangi shi kaɗai, babu kawu babu gwaggo babu limamin unguwa babu wanda ya zo ba da baki, alhali ke kin san a gidan Bahaushe kafin magana ta kai nan mutum goma sun shiga tsakani, ke mai kallo jikinki yana ba ki cewa wannan ba gidanmu ba ne ko da ba ki taɓa ganin na Indiyan ba. Na biyu tatsuniyar da ta shekara ɗaruruwa tana yawo a bakin mutane ba ta da mai ita, amma fim ɗin da aka yi bara yana da marubuci da furodusa suna raye sun zuba kuɗinsu, ɗaukar nasu ba izini ba ambato cin haƙƙi ne ko da an iya juyawa. Kuma kar mu yi musu kuɗin goro, a cikin 'yan fim ɗinmu akwai waɗanda suke ɗaukar ƙashin labari daga waje su sa masa tsokar gida har ya zauna daram, waɗannan hanyar Imam suka bi, abin da ya rage musu kawai su riƙa rubutawa a farkon fim cewa daga wuri kaza muka samo. Ki koma ki sake karanta littafinki ɗiyata, wannan karon da biro a hannu.

TAMBAYA: Malam don Allah a taimaka, ina rubuta furojet a kan littafin Shaihu Umar, supabaiza ya dawo min da babi na biyu ya ce ban ɗora aikin a kan wani ra'i ba. Abokaina wani ya ce in sa Markisanci wani ya ce in sa na mata don shi ake yayi. Wanne ya fi sauƙi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ƙanena, kalmar nan "sauƙi" ita ce ta dame ni a saƙonka, amma na san halin da kuke ciki, lokaci ya ƙure ga kuɗin buga takarda ga supabaiza ba ya zama. Bari in faɗa maka abin da ra'i yake a taƙaice, tambaya ce da wasu suka saba yi wa littafi har ta zama hanya. Shi ke nan. Saboda haka ba a zaɓensa kamar yadda ake zaɓen hula a kasuwa, littafin za ka karanta tukuna, sau biyu ko uku, har wani abu ya tsaya maka a rai, sannan ka nemi mazhabar da ta saba da irin wannan tambayar.

Mu gwada da littafin da ke hannunka. Umar yana zaune a Rauta almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi ne ya ba su labari tun daga Kagara, yadda 'yan'uwan aiki a fada suka ƙulla wa mijin uwarsa Makau sharri aka kore shi, yadda aka sace shi yana yaro, yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar ya yi karatu, da yadda uwarsa ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita. Idan abin da ya tsaya maka shi ne harin bayi da ayarin da ke ratsa Sahara da yadda ake sayar da mutum kamar akuya, kana tambayar wa yake cin riba wa ake ci da guminsa, kuma me ya sa littafin ya nuna bautar a matsayin ƙaddara da jarrabawa fiye da tsarin da wasu suka gina don amfaninsu, to ka shiga gonar 'yan Markisanci ko ba ka ambaci sunan Karl Marx ba. Idan kuma uwar ce ta hana ka barci, ka ce littafin sunan ɗa yake ɗauke da shi amma wadda ta zaɓi ta bar gida da ƙafarta ta shiga duniya ita ce uwar, shi Umar ɗaukarsa ake yi daga hannu zuwa hannu, to ga tambayar masu nazarin matsayin mata nan ta zo da kanta, ba don ana yayi ba. Idan ka tsaya kana mamakin yadda Umar yake ba da labarin abubuwan da ba ya wurin lokacin da suka faru, tafiyar Makau da wahalar uwarsa, wa ya gaya masa, kuma me ya sa marubucin ya zaɓi bakin malami mai natsuwa ya ba da labari mai ɗaci haka, to kana nazarin zubi da dabarun bayar da labari ne. In kuwa marubucin ne ya ja hankalinka, malamin makaranta daga Bauchi wanda daga baya ya zama Firayim Minista, kana neman alaƙar rayuwarsa da zamaninsa da abin da ya rubuta, wannan hanyar tarihi ce, kuma ita ce wasu Turawan suka yi wa bore, I. A. Richards a Kambirij ya riƙa raba wa ɗalibansa waƙoƙi ba sunan mawaƙi ba shekara ya ce su faɗi abin da suka gani a takardar kawai, ya fitar da sakamakon a littafi a 1929, daga baya Roland Barthes na Faransa ya zo da maganar mutuwar marubuci, wai da zarar rubutu ya fita to na mai karatu ne.

Kuma kar ka raina na gida. Hanyar da aka koya maka tun aji ɗaya, jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, wadda su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo suka shimfiɗa wa rubutacciyar waƙa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa waƙar baka tata, ita ma hanya ce mai tsari, kuma tana tilasta maka ka taɓa nassin da hannunka. Matsalarta ɗaya idan aka mayar da ita fom ɗin cikewa, jigo kaza salo mai armashi an gama, kowane littafi ya fito kama ɗaya.

Abin da yake ci min rai shi ne wani kundi da aka taɓa kawo min in duba, shafi wajen arba'in a kan tarihin ra'in da sunayen Turawa, da aka zo kan littafin da ake nazari kuwa shafi tara ne, a cikin taran ma an rubuta sunan tauraruwar ba daidai ba tun daga farko har ƙarshe, na kira yaron na ce tsakaninka da Allah ka karanta littafin nan, ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, an nuna masa cewa sunayen su ne ilimin. Irin wannan ne ya sa a shekarun 1990 da aka yi ta muhawara a jaridu kan littattafan soyayya da aka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, tsakanin su Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme, su manyan sun karanta suna jayayya da hujja, amma 'yan amshin Shata da yawa sun yanke hukunci a kan ɗaruruwan littattafai ba su buɗe ko uku ba, sai ga shi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu an fassara shi zuwa Ingilishi an buga a Indiya a 2012 ana karanta shi a jami'o'in waje. Ka koma wajen supabaizanka da tambaya ɗaya da ta fito daga cikin littafin, ka ce Malam ga abin da ya dame ni, wane ra'i ne zai ɗauke shi, za ka ga fuskarsa ta canza.

TAMBAYA: Littafin Gandun Dabbobi fassara ce ko baddalawa, wato sake wa labari kama ya zama na gida? Mun yi gardama da wani abokina har da rantsuwa. Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Malam ku sassauta rantsuwar, kowannenku yana da rabin gaskiya. Bala Abdullahi Funtuwa ya bi littafin George Orwell na 1945, Animal Farm, babi bayan babi, ta nan fassara ce, ya fito a 1975. Amma ya ba gonar da dabbobin sunayen gida, mai gona ya zama Nomau, aladun nan biyu masu rigimar mulki suka zama Maitumbi da Ɗantulu, dokin nan mai aiki ba ji ba gani ya zama Akawal, kuma sunan Maitumbi kaɗai ya gaya wa Bahaushe halin mai shi tun kafin ya buɗe baki, abin da sunan Napoleon ba zai yi masa ba. Ni ina kiranta fassara mai 'yanci wadda ta leƙa gonar baddalawa. Cikakkiyar baddalawa ita ce irin ta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda asalinsa jarumin tatsuniyoyin Rasha ne Ilya Muromets, amma yaran da suka karanta shi a firamare ba su taɓa zaton ba ɗan ƙasar nan ba ne.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Akwai wani littafin soyayya da na karanta ya fi sau biyar, da na ji an yi fim ɗinsa har data na saya na musamman, amma wallahi ban iya ƙarasawa ba, sun cire ƙanwar yarinyar gaba ɗaya, sun canza ƙarshen, jarumar ma ba ta yi kama da wadda ke cikin littafin ba. Me ya sa suke ɓata mana littattafai? Daga wata uwargida a Damagaram.

AMSA: Hajiya ina amsawa, kuma na ji zafin da kika ji don ni ma ya taɓa samuna. Amma bari in ɗan tsaya wa 'yan fim kafin in dawo gare ki. Jarumar da kika ce ba ta yi kama ba, da wa za ta yi kama? Marubuciya ta ce doguwa ce mai fara'a, sauran ke kika ƙarasa da kanki, wataƙila da fuskar wata ƙawarki ta makaranta, kuma mata dubu da suka karanta kowace da tata fuskar, darakta kuwa mutum ɗaya zai ɗauka. Wannan ciwon ba shi da magani.

Sai babbar matsalar, littafi yana shiga cikin zuciya kyamara kuwa a waje take tsayawa. Littattafan soyayyarmu rabinsu tunani ne da wasiƙa, yarinya ta kwanta a gado shafi huɗu tana saƙa da warwara, ko saurayi ya aiko da wasiƙa mai shafi biyu wadda ita ce daɗin littafin duka. To ya za a yi da wannan a fim? In aka nuna ta tana kwance ana jin muryarta daga sama minti biyar kin tashi kin shiga kicin. Dole darakta ya nemo wani abu da ido zai gani, ta ɗora tukunya ta manta ba ta kunna wuta ba, ta ninke wasiƙar ta sa a cikin littafin addu'o'inta, ko a sa waƙa ta ɗauki nauyin abin da wasiƙar ta faɗa, kuma wannan yana cikin dalilan da waƙa ta samu gindin zama a finafinanmu, ba kwaikwayon Indiya kaɗai ba ne. Ga lokaci, littafi mai kashi uku ba ya shiga awa biyu sai an zubar da wasu mutane, shi ya sa ƙanwar ta tafi. Ga kuɗi, marubuciya da layi ɗaya za ta kai ki Dubai kyauta, furodusa kuwa sai ya sayi tikiti. Ga kuma hukumar tace finafinai ta Kano da aka kafa a 2001, abin da alƙalami zai faɗa a lulluɓe ba lallai a bari a nuna shi a fili ba.

Abin nan ba yau aka fara ba. Shaihu Umar ɗin da muka gama magana a kai Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, fim ɗin ya ɓace wa mutane shekaru da yawa sai da aka gano shi aka gyara aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a littafi a 1991 ya zama fim a 1994, farkon Kannywood ma marubuta ne da yawa suka ɗauko littattafansu suka shiga da su.

Yanzu in dawo gare ki. Cire ƙanwa ban damu da shi ba in wata ta ɗauki aikinta, amma canza ƙarshe nan ne zan tsaya tare da ke in tambaya, me ya sa? In littafin ya ƙare da yarinya ta ƙi komawa gidan da aka wulaƙanta ta, fim kuma ya mayar da ita don a tashi da biki da rawa kasuwa ta karɓa, to ba gyara aka yi ba an juya wa jigon baya ne, kuma kina da haƙƙin ki ce an ci amanar littafin. In kuwa an bi wata hanya ce aka iso inda marubuciyar take nufi, ki ba shi dama ta biyu, ki kalle shi kamar ba ki taɓa karanta komai ba. Ki rubuto min yadda ƙarshen biyu suke in ji.

TAMBAYA: Malam ni marubuciya ce a intanet, ina sakin littafina a guruf na WhatsApp shafi-shafi. Wani furodusa ya kira ni ya ce yana so ya mayar da shi fim mai dogon zango, ya ce mu yarda da juna kawai ba sai an yi takarda ba, zai sa sunana. In yarda? Daga wata marubuciya a Kano.

AMSA: Ƙanwata kar ki yarda sai da takarda, ko da ɗan'uwanki ne uwa ɗaya uba ɗaya, Alƙur'ani ma da ya zo maganar bashi cewa ya yi a rubuta. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, tun ranar da kika rubuta labarinki naki ne ko ba ki yi rajista ba, kuma mayar da shi fim ko wasan rediyo ko fassara shi ko karanta shi a YouTube duk sai da izininki, haƙƙin yana nan tsawon rayuwarki da shekara 70 bayan rai ya yi halinsa. Sayar da haƙƙin ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai kuwa dokar ta ce sai a rubuce. Amma ki sani abin da doka take karewa shi ne rubutunki da yadda kika gina shi, ba gundarin tunanin ba, ba za ki hana wani yin labarin kishiya ba don kin yi.

A takardar ki tabbata an faɗi abin da kika ba shi, fim kaɗai ne ko har da sauran, na shekara nawa, zango nawa, nawa zai biya kuma yaushe, in an ƙara zango na biyu da labarin da ba ke kika rubuta ba da sunayen mutanenki ya za a yi, yadda za a rubuta sunanki a farkon kowane kashi, da kuma ko za a nuna miki rubutun fim ɗin kafin a fara ɗauka, wannan na ƙarshen shi ne zai hana ki zama kamar Hajiyar Damagaram a kan littafinki na kanki. Ki sa sharaɗin cewa in bai fara aiki ba cikin lokaci kaza haƙƙinki ya dawo hannunki, don akwai littattafan da aka karɓa aka ajiye a durowa shekaru, mai su ba ta iya ba wani ba shi kuma bai yi ba. Ki adana rubutunki na asali da ranakun da kika saki kowane shafi, ki tura wa kanki ta imel, in da hali ki yi rajistarsa a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa don ya zama shaida. Ranar sa hannu ki je da wani babba naki da shaidu biyu, in kin samu lauya ya duba miki kafin nan ya fi.